Kofin Alhaji da Finjalin Torino

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, mai shayin da ke bakin hanyar Ƙonni yakan hura wutarsa tun kafin a kira assalatu. Da an idar da sallar asuba benci ya cika da direbobin da suka kwana cikin mota suna jiran a buɗe iyaka, da 'yan dako, da masu koren shanu, da 'yan canji riƙe da damin naira da sefa. A ƙarshen bencin akwai wurin da ba mai zama, domin kowa ya san na Alhaji ne, wani dillalin albasa da ya ba shekara 50 baya. Ba ya buƙatar faɗin abin da yake so. Da ya yi sallama mai shayi zai janyo babban kofin roba, ya zuba rabin gwangwanin madara, cokali biyu na garin koko, cokali uku na sukari, ya barbaɗa ɗan garin Nescafé a kai, ya bi da ruwan zafi, sannan ya riƙa juyewa daga wannan kofi zuwa wancan yana ɗaga hannu sama har kumfa ta taso.

Alhaji ya fara shan wannan haɗi a 1988, yana ɗan shekara 17, lokacin da yake dakon buhunan albasa daga rumfa zuwa mota. A wancan zamani sai ranar da aiki ya yi albarka yake iya saye. Yanzu sau biyu yake sha a rana, da safe da bayan isha'i, alhali ya fi shekara 20 rabonsa da aza buhu a kafaɗa. Aikinsa ya koma zama kan darduma a inuwar rumfa da wayoyi biyu, ɗaya da layin Najeriya, ɗaya da na Nijar, yana daidaita farashi tsakanin manoman Galmi da masu saye daga Legas da Anacha.

A farkon 2024 ƙishirwa ta fara damunsa. A Illela ba mai kai ƙarar ƙishirwa asibiti, amma wannan a tsakiyar hunturu ta zo. Ga tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye, ga wani ɗan ƙurji a ƙafa da ya ƙi warkewa. Babbar ɗiyarsa, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ta matsa masa har ya yi tafiyar kimanin kilomita 85 aka auna jininsa kafin ya ci komai. Aka sami sukari miligiram 190 a kowace desilita, alhali daga 126 likitoci ke kiran abin ciwon sukari. Likita ya rubuta magani, sannan ya tambaye shi me yake ci. Alhaji ya amsa da zuciya ɗaya: “Ni ba mai ci ba ne, likita. Da safe ma shayi kawai nake sha.”

A iyakar saninsa gaskiya ya faɗa. A wurinsa, kamar yadda yake a wurin mutane da yawa, abin da aka tauna shi ne abinci, abin da aka kurɓa kuwa ruwa ne. Jiki bai san wannan bambanci ba.

Ma'aunin da ba a gani

Kalori ma'aunin zafi ne kafin ya zama ma'aunin abinci. Wanda ake rubutawa a jikin gwangwani da kwali shi ne yawan zafin da zai ɗaga ɗumin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Wani injiniyan Faransa, Nicolas Clément, shi ya fara amfani da kalmar a shekarun 1820 wajen bayanin injin tururi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin Amurka, Wilbur Atwater, ya shigo da ita cikin sha'anin abinci, ya kuma bar wa duniya lissafin da har yau ake aiki da shi: kowane giram na sukari ko sitaci yana ba jiki kimanin kalori 4, giram na furotin shi ma 4, giram na mai kuwa 9.

Jikin mutum kamar murhu yake, ko yana barci yana cin itace. Namiji baligi mai aikin zama yana ƙona abin da bai wuce kalori 2,000 zuwa 2,400 ba a yini, mai aikin ƙarfi kuwa yakan haura 3,000. Abin da ya yi saura ba ya ɓacewa. Jiki yana ajiye shi a matsayin kitse, mafi yawa a ciki, kuma teɓar da ake yi wa kallon alamar hutu tana daga cikin manyan abubuwan da ke hana sinadarin insulin aikinsa na kwashe sukari daga jini. Gado yana da hannu a ciwon sukari, haka shekaru da rashin motsa jiki. Kofin shayi shi kaɗai ba ya sa wa mutum ciwon. Sai dai a cikin duk waɗannan dalilai, shi ne wanda ke hannun mutum sau biyu a rana.

Ɗiyar Alhaji ta yi masa wannan bayani a mota a hanyarsu ta komawa, tun daga Kware har Gwadabawa. Ya saurara kamar yadda ake sauraron wa'azi, ya ce Allah ya yi mata albarka. Washegari da asuba ya zauna a ƙarshen bencinsa aka haɗa masa kamar kullum.

Wanda ya wanke finjali a Torino

Maganar ta sake tasowa daga inda ba a zata ba. Illela mashiga ce, kuma ba albasa da shanu kaɗai ke bi ta cikinta ba. Shekaru da dama matasa suna ƙetarawa zuwa Ƙonni, su bi ta Tawa zuwa Agadas, daga can sai Libiya da bakin teku. Ɗan ƙanwar Alhaji yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya a 2016, Allah ya sa yana cikin waɗanda suka tsira. Ya ƙare a birnin Torino da ke arewacin Italiya, inda ya yi shekaru yana wanke kwanuka a wani shagon gahawa kafin ya dawo gida a 2022. Ba ya son ba da labarin hamada ko na teku. Labarin shagon ne kaɗai yake bayarwa da sakin fuska.

Wata safiya yana zaune kusa da kawunsa ya dubi kofin da aka miƙo, ya yi dariya. “Kawu, wanga kofi naka, a can mutum biyar za a raba wa.”

Alhaji ya ce ai ya ji labari Turawa ba su da kyauta. Yaron ya ce ba rowa ba ce, haka tsarinsu yake, ya shiga lissafo masa abin da ya shekara yana wankewa.

A bakin mutanen Illela kalmar kofi abu biyu take nufi, abin sha da mazubinsa. Mutanen Italiya sun raba su, har kowane irin gahawa yana da finjalinsa da awonsa. Tushen duka shi ne esfireso: baƙar gahawa mai kauri da ake tatsowa ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin da aka danne. Wani mutumin Torino, Angelo Moriondo, ya yi rajistar injin farko na irin wannan aiki a 1884. Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi a 1901, sannan Achille Gaggia ya fito da injin mai maƙulli a ƙarshen shekarun 1940, wanda ya ba esfireso kumfar da aka san shi da ita yau. Yawansa mililita 25 zuwa 30 ne, kurɓa biyu, a tsaye ake shanye shi a wuce. Abin da ke cikinsa kalori 2 ne ko 3. Idan aka zuba 'yar ledar sukari mai giram 4 ko 5, ya kai wajen 20.

Sauran duka esfireso ne da aka yi wa ƙari. Makiyato, wanda ma'anarsa “mai ɗigo”, esfireso ne da aka ɗiga wa kumfar madara, kuma da ƙyar ya wuce kalori 10. Kafucino, wanda ya samo sunansa daga launin rigar wasu limaman Katolika, shi ne abin karin kumallo. Cibiyar kula da ingancin esfireso ta Italiya, wadda aka kafa a 1998, ta ƙayyade shi da mililita 25 na gahawa da mililita 100 na madara da aka kumbura da tururi. Madarar shanu mai cikakken mai tana da kalori kimanin 64 a kowace mililita 100, don haka kafucino ba ya wuce 65 zuwa 70, ko 85 zuwa 90 idan an sa sukari. Kafelatte, wanda aka fi sha a gida, yana cin madara kimanin mililita 200, ya kai 130. Cikarsa finjalin kafucino wani kasonta iska ce: kumfa ke cika ido, madarar kaɗan ce.

Su ma suna da masu nauyi. Afogato esfireso ne da ake kwarara wa curin madara mai ƙanƙara, yakan kai 150 ko ya wuce. Torino kanta tana da nata, bicerin, wanda ake jera gahawa da narkakkiyar cakulan da kirim a ƙaramin gilashi; shagon da ya yi suna da shi tun 1763 yake buɗe. Shi yakan haura 200. Yaron ya ce abin da ya lura shi ne ba mai shan waɗannan kullum. Na baƙi ne, ko na ranar sanyi, kamar yadda ake ajiye alkaki da nakiya sai biki. Kafucino ma da hantsi ya wuce sai ka ga an daina tambayarsa, domin sun yarda madara bayan abinci tana nauyaya ciki. Ba don lissafin kalori suka kafa wannan al'ada ba, amma ta yi musu aikin lissafin.

Ba a ce Italiya ta tsira daga ƙiba ko ciwon sukari ba. Tana da rabonta. Sunan abin sha ma ba ya kare kowa. Latte ɗin da ya ƙetara zuwa Amurka ya koma kofi mai kusan rabin lita, kalorinsa ya kusa 200 tun kafin a zuba masa ruwan zaƙi, idan an zuba kuwa sai 300 ko fiye. Darasin da ke cikin jerin yaron ƙarami ne: daga 3 zuwa 200, gahawar ba ta canza ba. Duk abin da ya hau, madara da sukari da girman mazubi suka hau da shi.

Awo a tsakar gida

Da ɗiyar ta zo hutun ƙarshen mako aka ba ta labarin mutum biyar ɗin, sai ta ce bari a gwada. Ta san mahaifinta: ba ya yarda da magana, amma duk rayuwarsa a kan awo da ƙirga take. Ta aika aka sayo irin kayan da mai shayi ke amfani da su, ta aro ɗan sikelin da ake auna garin fulawa, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, “Baba, kai za ka zuba, ni zan rubuta.”

Madarar gwangwani marar zaƙi madara ce da aka ƙone fiye da rabin ruwanta, shi ya sa take da kalori kimanin 135 a giram 100, ninkin madarar da aka tatso. Rabin ƙaramin gwangwani, wajen giram 80, ya ba da 110. Cokali biyu na garin koko, giram 20, ya ba da 80, kuma wani kaso mai yawa na garin shi ma sukari ne. Babban cokali na sukari giram 12 ne idan an share bakinsa. Uku sun zama giram 36, wato kalori kimanin 145. Garin gahawa, wanda saboda shi ake cewa abin yana buɗe ido, kalori 3. Ta haɗa: 340, ko kusa da haka. Ta raba da 68, ta nuna masa. Kafucino biyar ne, kamar yadda yaron ya faɗa.

Ba ta tsaya nan ba, domin shayin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Burodin da yake yankewa ya kai giram 150, wato 400. Bota babban cokali, kusan 100. Ƙwai biyu 150, man da aka soya su da shi cokali ɗaya 120. “Shayi kawai” ya tashi kalori 1,100 da 'yan kai, rabin abin da jikinsa ke buƙata a yini, tun rana ba ta fito ba. Karin kumallon ɗan Torino, kafucino da ɗan burodin nan mai lanƙwasa, bai cika wuce 300 ba.

Sai kofin dare, 340 kuma. Sai shayin Buzaye da ake dafawa a rumfa bayan azahar, zagaye uku, kowane ɗan gilashi da abin da ya kai ƙaramin cokali biyu na sukari: giram 24, kalori kusan 100. A nan Alhaji ya yi gardama, ya ce ai wannan finjalin bai fi na Turawan girma ba. Ta ce haka ne, amma nasu ɗaya ne, kuma ba a dafa shi da sukari har ya yi danƙo. Abin da yake kurɓa kaɗai ya kai kalori 780 a rana. Sukarin da aka zuba da cokali giram 96 ne, ban da wanda ke cikin garin koko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, kimanin giram 50, kuma ya fi kyau a tsaya a giram 25, wato ƙananan cokula shida.

Ya tambaye ta ranakun Laraba fa, da yake ƙetarawa kasuwar Ƙonni. Can haɗin ya bambanta, gadon Faransawa ne: gahawa da madara mai danƙo, da dogon burodi. Ya ce can ba ya ma sa sukari. Ta ɗauko gwangwanin ta karanta masa. Madara mai danƙo, wadda Gail Borden ya yi wa rajista a Amurka a 1856, da sukari ake hana ta lalacewa, shi ya sa ta dace da ƙasar da babu firji. Fiye da rabin nauyinta sukari ne, kuma tana da kalori kimanin 320 a giram 100. Cokali uku, giram 60, sun ba da 190, da sukari fiye da giram 30 a ɓoye. Ya ce to zuma fa, ai magani ce. Ta ce ba ta musa albarkar zuma ba, amma babban cokalinta kalori 60 ne, kuma jini yana karɓarta kamar yadda yake karɓar sukari.

Ya yi shiru yana duban takardar. Can ya tambayi abin da dillali zai tambaya: nawa ne kuɗin biya? Ta ce mutum mai nauyinsa, idan ya yi tafiyar awa ɗaya da sauri, yana ƙona 250 zuwa 300. Kofi ɗaya ya fi awa ɗaya. Biyu da na rumfa sun kusa awa uku.

Kofin bai yi laifi ba

Da sauƙi a ɗora wa mai shayi alhakin wannan duka, amma tarihin Alhaji kansa bai yarda da haka ba. A 1988 kofin nan daidai yake da bukatarsa. Yaron da zai yini yana ɗaga buhu mai nauyin kusan kilo 100 a zafin Illela yana ƙona fiye da kalori 3,000, kuma ba shi da lokacin zaman cin tuwo. Kofi mai kauri da burodi shi ne mafi arha kuma mafi saurin man da zai zuba wa jikinsa. Madarar tana ba shi furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi, sukarin yana ƙonewa kafin azahar. Teburin mai shayi don irin waɗannan mutane aka kafa shi: leburori, direbobi, baƙin da ba su da mai dafa musu. Ɗan Torino da ke kurɓar kalori 3 a tsaye zai koma ofis ne, kuma ya san abincin rana na jiransa.

Abin da ya faru da Alhaji shi ne aikinsa ya canza, kofinsa bai canza ba, sai ma ya ninka. Haka abin yake ga ma'aikacin banki a Sakkwato, da malamin jami'a, da jami'in kwastam da ya bar sintiri ya koma tebur. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da suka gaji cin manoma, suka bar gonar. Ga shi kuma abin da aka kurɓa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, don haka mutum ya sha 340 kuma ya ci tuwonsa cif. Harajin naira 10 a kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon kwalba ba ya isa wannan tebur, kuma ba kwalin da ke ɗauke da lissafi a jikinsa. Hannun mai shayi ne ma'auni, shi kuwa hannun yana ƙara nauyi gwargwadon girman wanda ya zauna.

A nan ainihin wahalar take. Alhaji ya gamsu da lissafin ɗiyarsa tun ranar, amma ya yi mako uku bai canza komai ba. Ita ta ɗauka sabo ne, turken wawa. Akwai sabo, amma akwai abin da ya fi shi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar, kamar yadda aka rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma Najeriya ba ta ba da umarnin buɗewa ba sai Maris 2024. A watannin nan mai shayi ya fi kowa sanin wanda ya karye. Mutum yakan fara da cewa a cire ƙwai, sai a rage madara, sai ya koma ruwan Lipton da sukari, sai a daina ganinsa. A kan wannan benci, “rage mini madara” sanarwa ce. Dillali kuwa da amana yake ci. Manomi ba ya barin buhu 200 a hannun mutumin da ake raɗe-raɗin ya kasa sayen madara. Faɗin gaskiya ma ba sauƙi gare shi ba, domin wanda aka ji yana da ciwo, sai a fara tunanin wa zai gaje rumfarsa.

Ga kuma mai shayin kansa. Tun suna samari suka san juna; a shekarun dako ya sha ba shi bashi bai taɓa rubutawa ba. Cokali na uku da yake ƙarawa ba a cikin kuɗi yake ba, girmamawa ce. Ranar da Alhaji ya gwada cewa a sa cokali ɗaya, mutumin ya tsaya da cokali a hannu ya ce, “Alhaji, mi na yi maka?”

Finjali da kofi

Mafitar daga wurin Alhaji ta fito, kuma irin ta 'yan kasuwa ce. Wata Lahadi ya zo da ɗan gilashin shayin Buzaye a aljihu, ya ajiye a kan tebur. Ya ce a haɗa babban kofinsa kamar kullum, da burodi da ƙwai, kada a rage komai. Da aka gama ya ƙwala wa wani yaro ɗan dako kira, wanda ke tsaye can gefe yana ƙirga canjin da ke hannunsa, ya ce ya zauna ya karya. Shi kuma ya tura ɗan gilashin, ya ce a sa masa garin gahawa da ruwan zafi, a ɗiga madara, ban da sukari. Ɗan ƙanwarsa ya ce, “Kawu, ai makiyato ke nan.” Alhaji ya ce ko ma mene ne sunansa, ɗaci gare shi.

Ba wanda ya ce ya karye, tunda ga shi yana biyan kuɗin biyu. Mai shayi bai rasa ciniki ba, kuma cokalinsa na uku ya sami inda zai tafi. Kalori 1,100 suka koma jikin da zai ƙone su kafin azahar. A gida ake dafa wa Alhaji ƙwai ba mai, da ɗan wake ko ɗumamen tuwon dawa, ya ci kafin ya fito.

Ciwon bai tafi ba, kuma ba ya tafiya. Yana shan maganinsa safe da yamma, domin ɗiyar ta ja masa kunne cewa rage sukari ba ya maye gurbin abin da likita ya rubuta. Awon da aka yi bayan wata uku ya sauko, bai kai inda ake so ba. Kofin dare ya fi ba shi wahala. Ya koma rabi, da cokali ɗaya, kuma akwai daren da yake komawa gidan jiya. Shayin rumfa yakan karɓi zagayen farko, mai ɗaci, ya ce a wuce da sauran. Ya fara zuwa kasuwa a ƙasa maimakon a kan babur, abin da ya jawo nasa surutun.

Yaron dakon yanzu ya san lokaci. Kafin Alhaji ya iso yana tsaye kusa da benci, ya ɗaure ƙugu da tsumman da zai yi gammo. Mai shayi yakan haɗa babban kofin tukuna, ya ɗaga hannu sama kumfa ta taso, sannan ya juyo ga ɗan gilashin. Har yau, kafin ya miƙa, yakan ɗebo sukari a bakin cokali ya dubi Alhaji, ko za a dace. Alhaji ya girgiza kai, sai ya juye shi a kofin yaron.